Maganar Iya Hassi da Na Haɗiye

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je ɗibar 'yan dako a wani ƙauye kusa da Gagarawa ba, lokacin yaƙin Ingila da Jamus. Ku da kuka gaje mu a aikin tafinta, ya kamata ku ji wannan daga bakina.

A lokacin ni ne tafintan Baturen da ke rangadin ƙasar Gumel, wanda muke kira Mai Lofe. Umarni kan zo daga sama cewa ana son maza masu ɗaukar kayan soja zuwa bakin daga. A raba wa hakimai, su raba wa dagatai, dagaci kuma ya bi gida-gida. Sannan Bature ya zo ya karɓi mutanen, ya rubuta yadda jama'a suka ɗauki abin. Hausar Mai Lofe ba ta wuce gaisuwa ba. Duk abin da ya ji, ta bakina ya ji shi.

Wannan ƙauye an riga an ɗebi mazansa sau ɗaya, ba wanda ya dawo, ba kuma labari. Muka isa da hantsi, kwana biyu da saukar ruwan shuka. A gindin tsamiyar da ake taro muka tarar da fartanyoyi da sungumai an tara su wuri guda, matan gari sun zauna kewaye da su. Ba wadda ta gaishe mu. Dagaci yana gefe, ya kasa ɗaga kai.

Wata tsohuwa, Iya Hassi, ta miƙe. 'Ya'yanta biyu, Sale da Haruna, suna cikin ɗibar farko, ga shi an sa sunan autanta Audu a wannan. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gaya masa. Mu ba mu san Jamus ba. Bai ci mana gona ba, bai hana mu rijiya ba. Mai faɗa da shi ya ɗauki kayansa da kansa. Kun zo ƙasarmu ba mu kira ku ba, muka yi shiru, to yau ba mu yarda ba. In dole sai kun tafi da maza, ga kayan noman nan ku haɗa da su. Kuma ya faɗa mini inda aka binne Sale da Haruna."

Na dubi sojoji biyu da ke bayanmu, da bulalar da ke hannun kofur. Na taɓa ganin an zane mutum a kasuwar Maigatari kan maganar da ba ta kai rabin wannan ba. Sai na ce da Bature, "Ranka ya daɗe, cewa take damina ta kama, suna roƙo a dawo musu da mazansu da wuri. Suna kuma yi muku addu'ar nasara."

Ya yi murmushi, ya ce in gaya mata ita mutuniyar kirki ce. Ya rubuta a littafinsa cewa jama'a sun ba da haɗin kai. Aka fito da mazan, har da Audu, muka tasa su gaba. Matan ba su yi kuka ba. A zatonsu ya ji, ya ƙi.

Bayan wata guda, mutanen wani ƙauye wajen Sule Tankarkar suka yi irin haka ga wani Bature. Tafintansa ya faɗi maganarsu yadda take. An tsare dagacinsu kwanaki, amma aka ɗage ɗibar sai bayan kaka. Ban ce da na faɗa da an fasa tamu ba, Allah ne masani. Amma daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi.

Da yaƙi ya ƙare rangadi ya sake bi da mu ƙauyen. Gidaje da yawa sun zama kango, masu su sun ƙetara Damagaram. Audu bai dawo ba. Na sami Iya Hassi a ƙofar ɗakinta, idanunta sun mutu, amma ta gane muryata.

Ta ce, "Kai ne bakin Bature? Me ya ce da na tambayi kabarin 'ya'yana?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ban faɗa masa ba. Tsoro na ji kada a doke ki."

Sai ta ce, "Ɗan nan, ai bayan nawa ne, ba naka ba. Na san da bulalar na miƙe."

Ba ta tsine mini ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, maganar da aka ba tafinta amana ce, ba shi da ikon rage mata gishiri ko da don tausayi. Talaka in ya tashi tsaye gaban mai bindiga, ya riga ya auna abin da zai same shi. Abin da yake nema a wurinka kawai shi ne a ji shi. Ni na hana Iya Hassi wannan, kuma ta rasu ba a ji ta ba.