Har Mu Isa Gida

Ni ba mutum ba ne mai iya riƙe magana. In abu ya ɓata min rai sai na faɗa, in ya faranta min ma sai na faɗa, kuma da ƙarfi. Matata takan ce ko atamfar Sallah na saya mata, kafin in fito da ita daga leda ta riga ta gani a fuskata. To ni ɗin nan aka ɗora wa maganar da ta fi ƙarfina, a tsakiyar rairayi, saura kwana ɗaya mu koma Doha.

Lokacin gasar ƙwallon duniya ne. An rufe makarantu, mu ma a wurin bincikenmu an ce kowa ya zauna gida, an toshe titin Kornish na bakin teku, gari ya cika da baƙi da ganguna. Na jure, na jure, na ce a'a, gara mu bar garin na 'yan kwanaki. Wani ɗan Sakkwato da ke tuƙa baƙi cikin tuddan yashi ya samo min aron mota da tanti, ya shige mana gaba har bakin wani ruwan teku can kudu. Ya ce ranar Juma'a da safe zai dawo ya fitar da mu, ya kuma ja min kunne kada in kuskura in kama hanya ni kaɗai. Mu huɗu ne, ni da matata da 'yan matanmu biyu.

Inda muka kafa tanti waya ba ta kamawa, sai ka hau wani dogon tudu. Matata ta gwada sau ɗaya ta ce ita gwiwarta ba ta aro ba ce, don haka ni kaɗai nake hawa in duba saƙonni. Ranar Alhamis kafin azahar ina isa sama, ko numfashi ban mayar ba, kiran yayanta ya shigo.

"Baban yara, tana kusa da kai?"

"A'a, Yaya, ina kan tudu ni kaɗai."

"To sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa jiya da dare. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na zauna daɓas a kan yashi ina salati. Ya ce, "Don Allah kada ka faɗa mata a jeji. Ka kai ta gida, cikin 'yan uwanta mata, sannan ta ji." Haka ake yi a wurinmu, na sani, ba a jefa wa mutum irin wannan labari a hanya. Na ce masa to. Daga nan na kira maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da matata ta ɗauka uwa a ƙasar nan, na roƙe ta ta tara mata bayan sallar Juma'a. Na kira ɗan Sakkwato ko zai zo yau, ya ce yana da baƙi har dare, sai dai goben.

Shekara uku rabon matata da mahaifinta. Korona ta rufe hanya, da aka buɗe ga cikin ƙaramarmu, bayan haihuwa ga jiran takardu. Mun riga mun yanki tikiti, sati biyu ya rage ta tafi. Daga saman tudun ina hango ta tana kaɗe tabarma, sai na ji na tsani tudun da wayar da ranar da na ce mu fito.

Abu na farko da na yi da na sauko shi ne na zare igiyar caji daga mota na cusa cikin jakar takalmana. Wayarta ta kusa mutuwa, kuma na san muna taka kwalta gobe saƙonnin ta'aziyya za su zubo mata. Da ta nema na ce ai yaran nan sun ɓatar. Har na taya ta dubawa, Allah ya yafe min.

Kamar da gangan, ranar ce ta fi kowace yi mata daɗi. Da la'asar wasu raƙuma suka ɓullo ta bayan tanti, ta yi tsalle kamar yarinya. Baba fataucin raƙuma ya yi a kasuwar Maigatari tun ba a haife ta ba. Ta ɗauki wayar da ɗan sauran cajinta ta fara naɗa masa murya: "Baba, ga mutanenka nan sun zo gaishe ni. Akwai wani baƙi wuluk, da ka gani sai ka taya. In na zo zan nuna maka hotonsa." Ta ce da zarar mun fita saƙon zai tafi. Ni dai na juya baya na shiga kwance igiyoyin da ba su tsare min komai ba.

Na kasa zama. Na naɗe kaya na sake warwarewa. Na zaga motar ya fi sau goma. Iska ta zuba yashi a tukunyar shinkafa, muka ci yana gas-gas a haƙori, na cinye ban ce uffan ba. Babbar 'yarmu ta kifar da jarkar ruwan sha, ta tsaya tana jiran tsawa, sai na ce ba komai. Yarinyar ta dube ni, ta dubi uwarta.

Juma'a tun da sassafe na sauke tanti, yara ba su gama karyawa ba na karɓe kofuna. Ɗan Sakkwato bai iso ba sai da rana ta ɗaga sosai, ina ta safa da marwa ina cizon yatsa. "Yalla, mu tafi, Malam, ku biyo ni," in ji shi. Muka bi sawunsa, hawa da gangara, yara na ihun murna, ni idona na kan agogo.

Mai shiga yashi sai ya rage wa taya iska, in ba haka ba mota ta nutse. In ya fito kuma dole ya tsaya a bakin kwalta a mayar masa da ita. A nan ɗan Sakkwato ya yi mana sallama, a nan kuma na tarar da layin motoci sun fi ashirin, kowa da tuta. Waya tana kamawa a wurin. Tawa ta fara rawa a aljihu, na kashe ta. Da layi ya zo kaina na fita na tsugunna a gindin taya, wai ina lura da mai ba da iska, alhali gudun fuskarta nake yi.

Sai na ga inuwarta a kaina. Igiyar cajin na hannunta.

"Malam, a jakar takalmanka na same ta."

Na ci gaba da kallon taya.

Ta ce, "Tun jiya ba ka yi wa kowa faɗa ba. Ka ci yashi ka yi shiru. Shekara goma sha ɗaya ina tare da kai, ban taɓa gani ba." Ta yi ƙasa da murya don kada yara su ji. "Daga gida ne?"

Na miƙe. Na ga ba sauran ɓoyo, gara in faɗa in huta, don wallahi ƙirjina ya gaji. Na ce, "Maman yara..."

Ta ɗaga hannu. "Kada ka faɗa. Ba a nan ba." Ta miƙo min igiyar da matacciyar wayarta. "Muddin ba ka faɗa ba, ina da uba har mu isa gida. Ka tuƙa a hankali."

Ni da na kwana na wuni ina ƙagarar in ga Doha, sai ga ni a layin dama tare da manyan motoci. 'Yan kallon ƙwallo suna wuce mu da oda da tutoci. Ta juya baya tana ba yara labarin kakansu, yadda yake duba haƙorin raƙumi ya faɗi shekarunsa, yadda ya taɓa ɗora ta a kan wani ta yi ta kuka har aka sauke ta. Muryarta ba ta rawa. Tawa ce da na yi magana za ta tone ni, shi ya sa na riƙe sitiyari kawai. Wajen unguwar Mushairib an karkatar da hanya, cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda. Karo na farko a rayuwata na yi wa cunkoso godiya.

Da muka hau benenmu, takalman mata ne jere a ƙofar maƙwabciyarmu, ƙofar a buɗe. Yara suka ruga ciki. Ita ta tsaya a kan matakala ta ƙarshe tana kallon takalman, da sauran yashi a gefen mayafinta. Sannan ta gyara mayafin, ta juyo gare ni.

"To, Malam, mun iso," ta ce. "Yanzu faɗa min."