Ranar da Na Fitar da Shehi Daga Ɗakin Jarrabawa

Makarantar da na yi karatu a Makka ba ta kai a kira ta babba ba. Gida ne mai hawa uku da wani attajiri ya bari waƙafi. Ƙasa ajujuwa, tsakiya ɗakunan ɗaliban da ba su da kowa a gari, can sama kuma zauren da ake jarrabawa. Dukanmu ba mu cika hamsin ba, ko tari mutum ya yi a kan matakala ka san wane ne. Mukan shiga aji bayan asuba, a ci gurasar tamis da shayi da hantsi, a koma kan fiƙihu da nahawu da hisabi har rana ta kore mu. Idan aikin Hajji ya ƙarato a rufe makaranta, malamai da ɗalibai kowa ya kama sana'arsa.

Wannan 'yan shekaru ne bayan babban yaƙin duniya, ina shekarar ƙarshe. Ni haifaffen Makka ne, kakana ne ya zo daga Kano, kuma in faɗi gaskiya baki gare ni. Larabcin gari a bakina yake, Hausa a gida na sha ta. Saboda haka mudir, shugaban makarantar, ya naɗa ni mai maimaita darasi: malami ya gama ya fita, ni in zauna da waɗanda aka bari a baya in sake warware musu. Ina jin kaina ƙwarai a lokacin, ba na ɓoyewa.

A ajinmu akwai wani Bakatsine da ya kusa shekara arba'in. Da ƙafa ya taho, ta Chadi, ya tsaya a Sudan yana tsinkar auduga shekara da shekaru kafin ya samu ya haye teku. Ba shi da dangi ko ɗaya a Makka. Ɗan ɗakin da makaranta ta ba shi a hawa na biyu, da gurasar safe, su ne duk abin da ya mallaka. Dokar makaranta kuwa a fili take: wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu ya bar aji, ya bar ɗaki. Shi ya riga ya faɗi sau ɗaya. An ce bara mai jarrabawa ya yi masa tambaya uku, ya zauna kamar an dasa shi, ko uffan bai ce ba.

Mudir ya kira ni ya ce, "Wannan ɗan'uwanka ne. Ka koya masa ya buɗe baki, in ba haka ba bayan jarrabawa ɗakin na wani ne."

Na hau wurinsa bayan la'asar, ina taƙama. Na ce, "Yaya, yau rabon gado za mu yi, zan bi da kai a hankali." Na kawo mas'ala: mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Na raba a kan allo, na ba uwa sulusi, na juyo ina jiran ya yaba.

Sai ya zaro ƙwallayen dabino daga wani gwangwani ya jera a kan tabarma. Ya ce, "Ƙanena, 'yan'uwa biyu ai sun rage wa uwa, sudusi za ta ɗauka." Ya matsa wannan, ya ƙara wancan, kaso shida suka koma takwas, kowa ya samu rabonsa. Ya karanto mini wurin da littafi ya faɗi haka da ka, ya faɗi abin da masu sharhi suka ce, har da inda suka saɓa. Wallahi kunya ta rufe ni. Mutumin da na zo koya wa ya fi ni nesa ba kusa ba.

Kunyar ta juye ta zama haushi. Na ce, "To don Allah me ya hana ka magana bara? Aljani ne ya riƙe maka harshe?"

Ya ce, "Shehi yana zaune."

Shehi shi ne malaminmu na fiƙihu, tsoho Balarabe, gwiwoyinsa sun gama aiki. Ranar jarrabawa ɗalibai biyu ke tallafe shi su hau da shi sama, ya zauna gefen mai jarrabawar da hukuma ke turowa daga waje.

Na ce, "To sai me? Ai dole ya zauna."

Ya ce, "A wurinmu, baƙo ba ya tambayar mas'ala malaminka na zaune kai ka amsa. Tambayar ta malam ce. Shekara goma sha biyu na yi a zauren malamina a gida, ban taɓa yi ba, ban kuma taɓa ganin an yi ba. In Shehi da kansa ya tambaye ni a aji, wannan karatu ne. Amma wani ya tambaya, in tsallake shi in ba da amsa? Haba."

Na ce, "Yaya, wannan ba fatawa ba ce, jarrabawa ce! Mutumin ya san amsar, so yake ya ji ko kai ka sani."

Ya ce, "Wanda ya sani me zai sa ya tambaya?"

Kai! Na sauko ina huci. Washegari na tare Shehi bayan darasi na kwashe duka na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma haka ya tashi, amma ya ɗauka wannan ladabi ya tafi da mutanensa. Ya sa aka kira Bakatsinen, ya ce masa a gabana, "Na yi maka izini. Duk wanda ya tambaye ka, ka amsa." Bakatsine ya durƙusa ya ce to. Na ce shi ke nan, na gama aikina. Wata biyu muka yi muna bita, ni ne mai jarrabawa, ina ɗaure fuska ina jefa masa tambaya, yana amsawa kamar ana zuba ruwa daga tulu.

Ranar ta zo. Zafi ake kamar me. Muka hau da Shehi, aka zaunar da shi. Mai jarrabawa mutum ne mai gilashi, ba ya wasa, mudir na gefensa. Doka ita ce malami ba ya furta ko kalma a ɗakin, kada a ce ya taimaki ɗalibinsa. Ni aka fara kira, na amsa nawa tas, na koma bencin baya na zauna.

Aka kira Bakatsine. Mai jarrabawa ya yi tambaya ta farko, a kan alwala, abin da ko barci yake zai amsa. Na ga ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan ƙafafun Shehi, ya rufe. Zufa ta keto masa. Mai jarrabawa ya jira, ya yi ta biyu. Tsit. Shehi yana ta gyaɗa masa kai, amma mutumin ko ɗago ido bai yi ba. Izini dai an ba shi, harshen ne ya ƙi karɓa. Mai jarrabawa ya yi ta uku, ya dubi mudir, ya tsoma alƙalami a tawada.

Na san me zai rubuta, na kuma san inda Bakatsine zai kwana bayan sati ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙe tsaye na ce da Larabci, da ƙarfi, "Shehi, ku fita."

Mudir ya zabura ya ce, "Kai! Ka haukace ne? Zauna!"

Na ce, "Ba zan zauna ba. Muddin Shehi na nan ba zai yi magana ba. A fitar da Shehi, a sake tambayarsa, in ya kasa a kore mu tare."

Mai jarrabawa ya cire gilashinsa yana kallona. Shehi kuwa hannu kawai ya miƙo mini. Na je na ɗaga shi, ya rataya a kafaɗata, muka ja ƙafa har waje, na janyo ƙofa. Babu kujera a wurin, a kan matakala ya zauna, tsoho mai daraja irin wannan, a inda muke ajiye takalma.

Muka ji mai jarrabawa ya maimaita tambayar. Sai murya ta fito, a hankali da farko, daga nan ta miƙe. Shehi ya jingina kai da ƙofa, leɓɓansa na bin amsar kalma bayan kalma. Aka wuce ta biyu, aka wuce ta uku, mai jarrabawa bai tsaya ba, ya shiga ƙaro wasu. Can sai na ga leɓɓan Shehi sun daina motsi. Ya riƙo hannuna ya ce, "Wannan ba ni na koya masa ba."

Bakatsine ya ci, shi ne na ɗaya a fiƙihu. Ni kuma mudir ya sauke ni daga maimaita darasi, ya sa aka rubuta rashin ladabi a takardata, yana nan a jikin takardar har yau. Ko a jikina.

Da la'asar na hau ɗakinsa, na riga na shirya yadda zan ce masa ba komai in ya fara godiya. Na same shi zaune, bai taɓa abincinsa ba. Na ce, "Yaya, barka! Ɗaki ya zama naka."

Bai amsa barkar ba. Ya ce, "A kan matakala ya zauna?"

Na ce, "E, ai na ɗan lokaci ne."

Ya ce, "Saboda ni." Hawaye suka zubo masa. "Da ka bar ni na faɗi, ƙanena. Da na kwana a titi ya fi mini sauƙi."

Raina ya ɓaci matuƙa, na faɗa masa maganganu, na ce ko gobe aka sake haka zan yi, kuma har yanzu ban canja ra'ayi ba. Ya saurare ni har na gama. Ya zauna a ɗakin nan shekaru, daga baya ma shi ya gaji Shehi a ajin fiƙihu. Muna gaisawa, ya zo sunan 'ya'yana. Amma bai taɓa ce mini na gode ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba.