Ramin da Ba Ya Cika

Mai Taki ya zare rodin daga cikin tarin taki, ya kama tsakiyarsa da tafin hannu kamar mai taɓa goshin yaro, ya rufe ido. In ƙarfen ya ƙona hannu, takin yana dahuwa, a bar shi ya yi aikinsa. In ɗumi-ɗumi ne, yana neman a juya shi. In ya fito da sanyi, to ya nuna, manoma na iya zuwa da motocinsu. Yau da ɗumi. Ya mayar da rodin, ya goge hannu a gefen riga, ya bi bayan rumfuna ya gangara.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan gangara. Gidan kiwon rumfa shida ne dogaye, bijimai ɗari huɗu. Ana kawo su ramammu, haƙarƙari a waje, a ɗura musu dusa da harawa kwana ɗari, a fitar da su suna tafiya da ƙyar don ƙiba. Abin da ke shiga bakinsu yana da ma'aikata goma sha biyu. Abin da ke fita ta baya mutum ɗaya ne da shi. Shi ya sa masu ba da dusa suke kiransa Sarkin Baya.

"Ranka ya daɗe, yaya talakawa suka kwana?" in ji ɗaya daga cikinsu, buhu a kafaɗa.

"Sun kwana suna aiko maka gaisuwa. Ka zo da kwano ka karɓa."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Amma murmushin bai kai shi bakin ramin ba. Bai taɓa kai shi ba.

Ramin yana can ƙarshen fili, jikin katangar da ta raba gidan kiwo da unguwar gangare. Busasshen kashi ana tara shi a yi taki, amma fitsari da ruwan wankin rumfuna da duk abin da ruwan sama ya kwaso, kwata ce ke kai su nan. Ruwa ne baƙi, mai kauri, ba ya nuna fuskar mai leƙa shi. A kan katanga balbelu sun jeru farare tas, kamar ba su san inda suke kiwo ba. Mai Taki bai ɗaga kai ya dube su ba. Ya daɗe da koyon yadda ake wucewa ta gabansu ido a ƙasa.

Yana saurayi ya zo gidan nan, da shebur ɗin aro. Wani tsoho mai ɗingishi ne ya koya masa aikin. Tsohon ne ya haƙa ramin, ya shimfiɗa masa yumɓu, ya sa aka koro shanu suka yi ta tattaka shi kwana uku har ya yi tauri kamar gindin tukunya. Duk rani in ruwan ya ja, sai su kwashe lakar su kai gona. Tsohon yakan tsayar da shi tun da sauran aiki.

"Ya isa. Bar masa laka kamu ɗaya. Rami ma yana son rigarsa."

Mai Taki ya ɗauka gajiyar tsufa ce ke magana. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya barin abu rabi. Marigayiya matarsa takan ce ta auri mai aikin ƙazanta da ya fi likita wanke hannu. Sabulu uku yake ƙararwa kafin ta ƙarar da ɗaya. Ko tsintsiya ya gani a kwance sai ya jingina ta.

Shekara tara da suka wuce, tsohon ya daɗe a kabari, aka kawo sabuwar doka a kan gidajen kiwo. Aka ce duba-gari zai zo ya ga rami, in bai gamsu ba babu lasisi. Maigida ya ce wa Mai Taki, "Ka fitar da ni kunya." Rani ne, ramin ya ƙafe. Mai Taki ya shiga da diga da shebur, ya yi mako biyu. Ya kwashe baƙar laka. Ƙarƙashinta ya tarar da wata mai danƙo, ta rine da baƙi, ya ce wannan ma dauɗa ce ta shekaru, ya farfasa ta ya fitar a baro. Bai tsaya ba sai da ya ga farin yashi yana ƙyalli a rana. Ya zauna a gindin ramin ya ci abincinsa a nan, don jin daɗi.

Duba-garin wancan lokaci ya ce bai taɓa ganin rami mai tsabta irin wannan ba.

Damina ta zo. Ramin da duk shekara sai ya kai baki, har a kwana ana tare shi da buhunan ƙasa, a shekarar nan bai wuce ƙugu ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi kuwa yana nan inda yake. Maigida ya riƙa kawo baƙi suna kallo. Aka ce hannun Mai Taki akwai albarka.

A unguwar gangare autarsa take aure, gida na huɗu daga rijiya. Tana da 'ya mai shekara huɗu, doguwar wuya, siraran ƙafafu, wadda in ya je gidan take bin bayansa taku da taku. Shi ya sa mata suna Balbela. Takan toshe hanci ta ce, "Kaka, kana warin saniya," sannan ta haye cinyarsa ta yi barci.

A tsakiyar daminar nan ciwon ciki ya shiga unguwar. Manya suka kwanta suka tashi. Yara uku ba su tashi ba. Balbela ce ta biyu. Kwana biyu kawai ta yi, ta zama kamar tsumman da aka matse.

Mutane suka nemi mai laifi suka samu: masai ɗin wani mai gyaran keke da ke kusa da rijiya. Aka cike masan da ƙasa, aka daina amsa sallamar mutumin, har ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Aka rufe bakin rijiya da kwanon rufi, shekara na zagayowa aka jawo famfo.

Kwana goma bayan rasuwar Mai Taki ya koma aiki. An kwana ana ruwa, kwatoci shida suna zuba a ramin kamar ƙorama, amma alamar da ya yi a bango jiya tana nan a sarari, ruwan bai taɓa ta ba. Ya tsaya da shebur a hannu. Tambayar da bai taɓa yi ba ta zo da kanta, a hankali, ta tsaya kusa da shi kamar mutum: to ina yake tafiya?

Da azahar ya gangara, ya ɗaga kwanon da aka rufe rijiya, ya jefa guga. Ruwan garau. Ya kai hanci. Wani ba zai ji komai ba. Shi kuwa ko cikin wari dubu ya san na raminsa, kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya riƙa turo yumɓu a baro yana zubawa, ruwan yana haɗiyewa ba ko gyatsa. Ramin bai ƙara ƙafewa sarai ba tun da aka ƙara shanu, kuma ba ya gyaruwa sai an kwashe shi, ba a kwashe shi sai an faɗi dalili. Sai ya ce wa kansa ai an rufe rijiyar, ba mai sha. Da wannan magana ya yi shekara tara yana kwana yana tashi. Duk shekara a kawo takarda, a tambaya ko rami ya taɓa ambaliya, ya ce a'a, ya sa hannu. Bai taɓa yin ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi cin ransa ke nan.

Ranar hutunsa da ta wuce ya je gidan Auta. Bayan dogon jira Allah ya ba ta ɗa namiji, wata takwas, ya fara rarrafe. Ta kawo masa ruwa a kofi. Ya kai baki, ya tsaya.

"Wannan na ina ne?"

"Na rijiya mana. Wata biyu famfo ko ɗigo. Matasa suka buɗe ta suka yashe. Sha, Baba, ya fi na famfon sanyi."

"Yaron fa?"

"Shi ma ya fara kurɓa."

"Ki riƙa tafasawa."

Ta yi dariya, irin dariyar uwarta. "Kai da tsabtarka. Da wane itacen? Ai mai keke ya daɗe da tafiya da masansa."

Ya buɗe baki. Ta tsaya tana kallonsa, yaron a kafaɗa yana tsotsar yatsa. Abin da ya fito shi ne, "Ki dai tafasa." Ya ajiye kofin a cike ya tafi.

Yau kuma duba-gari za ta zo. Ba sabunta lasisi kaɗai ba: Manaja, ɗan maigida, yana neman izinin ƙara rumfa shida, kuma duk a ramin nan za su zuba, tun da rami ne da ba ya cika.

Da hantsi aka aiko kiransa ofis. Ya wanke hannu har gwiwa, ya cire takalmin roba a bakin ƙofa. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa, hoton wani jan bijimi a bango. Duba-garin mace ce mai furfura kaɗan a goshi, tabarau a kan hanci, laka a gefen takalminta. Ta riga ta zaga.

"Baba, sannu da aiki. Na auna komai. Nisan rami da rijiya ya wuce abin da doka ta ce. Tarin takinka a rufe, kwatoci a share. Da duk gidajen kiwo haka suke da na yi ƙiba."

"Ai Baba ne sirrinmu," in ji Manaja. "Ni a hannunsa na girma. Ya taɓa korata da shebur don na jefa leda a kwata."

"Da kyau ya yi." Ta juya takarda. "Ambaliya: babu, shekara tara. Wannan rami naka waliyyi ne, Baba. Sa hannu a nan, in buga hatimi in tafi, akwai gida biyu a gabana."

Ta miƙa masa biro. Ya karɓa. Ya dubi layin da ya saba sa sunansa. A zuciyarsa ya ga kofi a cike a kan tabarma, da ɗan yatsa a cikin ɗan baki.

"Malama, takardar nan tana tambaya ko ya cika."

"Haka ne."

"Babu inda take tambaya ina yake tafiya?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ban gane ba."

"Bijimi ɗari huɗu. Kowanne fitsarinsa ya fi bokiti a yini. Ga wanki, ga damina. Ke mai ilimi ce. Rana ce take shanye duk wannan?"

Manaja ya yi 'yar dariya. "Baba, yau kuma lissafi ka tashi da shi? Sa hannu mana, Malama tana sauri."

"Bar ni, ɗana. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ni kuwa na fi kowa sanin kashi."

Ya ajiye biron. Ya faɗa musu, a tsaye, ba tare da ya ɗaga murya ba: yumɓun da shanu suka tattaka, kamu ɗayan da aka ce ya bari, mako biyun da ya yi da diga, farin yashi. Ya faɗi gugan da ya jefa. Ya faɗi yara uku, da mai keken da aka kora a kan laifin da ba nasa ba. Da ya zo kan ta biyun cikin yaran ya faɗa musu jikarsa ce.

"An sake buɗe rijiyar. Wata biyu ke nan ana sha."

Manaja ya dafe goshi.

"Baba, ka san abin da ka yi yanzu? Za su rufe ramin. Ina zan kai shanu ɗari huɗu? Me ya hana ka zo mini ni kaɗai?"

"Da na zo maka, da ka ce a bari sai bayan lasisi. Ni kuma da na yarda. Na san kaina."



Duba-garin ta mayar da hatimin cikin jaka, ta zuge. Ta ciro kwalabe biyu ƙanana ta ajiye a kan tebur.

"Gani ya kori ji. Zan ɗebi ruwan rijiyar da na ramin a gwada. Amma ba zan jira sakamako ba, yau za a rufe ta, in nemo musu motar ruwa." Ta jawo takardar gabanta. "Sai na rubuta abin da ka faɗa, Baba, da sunanka. Ba ni da yadda zan yi."

"Rubuta. Ki rubuta shi da kyau."

"Zauna, ka ba ni kwanan wata da sauran bayani."

"Zan dawo in ba ki. Ina roƙon abu ɗaya: ki ba ni rabin awa kafin motarki ta shiga unguwar."

"Don me?"

"'Yata tana gida na huɗu daga rijiya. Uwar yarinyar ce. Ba na so ta ji a bakin wani."

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta dubi agogon hannunta ta gyaɗa kai.

"Baba," in ji Manaja, murya ƙasa-ƙasa, "in kai ka a mota?"

"A'a. Tafiyar ƙafa nake so. Ban gama shirya abin da zan ce ba."

Ya gyara hularsa, ya tura kujerar da bai zauna a kai ba ta koma daidai da tebur, ya juya ya fita.