Ekutar Marar Igiya da Gonar Dungu

Ni dai tun da aka fara cusa abin sauraro a kunne, wanda mu nan muke ce wa ekutar, ban taɓa sayen marar igiya ba, kuma ba rowa ce ta hana ni ba. Na yi yawo daidai gwargwado, Agadas, Kwatano, Lome, na ga iri-iri a kunnen mutane. Amma abin da ya dace da kunnen mutumin birni, inda kowa ke wuce kowa kamar bai san shi ba, ba shi ya dace da kunnen ɗan Matamaye ba. Na sha faɗin haka a majalisa ana yi mini dariya, har sai da ta faɗa kan ƙanena.

Ɗan baffana ne, mai zuwa ci rani Abuja. Can gadi yake yi a ƙofar wani gida, yini guda kan kujerar roba, ya buɗe ƙofa ya rufe. Amma in ya dawo da bazara sai ka rantse shi ya gina gidan. Ga tabarau, ga turare, ga takalmi mai tsini yana ta fama da shi cikin rairayi. Kome ka nuna masa, ko tuwo ne, sai ya taɓe baki ya ce, "In da Abuja ne..."

Gonarsa ta gado kuwa, tabarma biyu ta rufe ta. Abin da ke ciyar da iyalinsa aron gona ne. Surukinsa, wani tsoho a Dungu, yana da gona mai kyau gefen fadama, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya riƙa ba surukai aro damina-damina. Surukan biyu ne: ƙanena mai auren 'yar fari, da wani mutumin Kance, marar surutu, mai auren ƙanwarta. Shekaru ƙanena ke samu. A waccan shekarar tsohon ya aiko cewa ranar kasuwa zai shigo da kansa, su gama maganar gona kafin ruwa ya sauka.

Da hantsin ranar ƙanena ya ja ni teburin mai kayan salula, wai in taya shi zaɓe. Ba zaɓe yake so ba, shaida yake nema.

Mai tebur na ganin tabarau ya miƙe. "Alhaji, barka da zuwa!" Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba, amma ya amsa har da gyara wuyan riga.

Aka fara fito masa da babban nan mai baka a bisa kai, wanda ake ce wa kaske. Ya sa, ya dubi madubi, sai ka ce mai tuƙa jirgin sama. Kafin ya gama yaba kansa zufa ta fara bin wuyansa, don wannan abin a bazarar Matamaye dafa kunne yake yi. Ya ajiye.

Na ɗauko mai igiya na miƙa masa. "Ɗauki wannan. Fara ma, wadda ake hangowa daga nesa. Kuma kunne ɗaya za ka sa, ka bar wa jama'a ɗaya."

"Haba Yaya! In riƙa yawo da igiya kamar akuya a turke?"

"Akuyar da ke turke ai ba ta cin gonar mutane."

Na yi masa bayani yadda zai gane. Nan garin, daga ƙofar gidanka zuwa masallaci, sallama nawa za a yi maka? In mutum ya gaishe ka bai ji amsa ba, ya ga igiya na lilo a ƙirjinka, shi ke nan, ya san kunnenka na wani wuri, ya ɗaga maka hannu ya wuce. Igiyar nan ita ke ba da haƙuri a madadinka. In babu ita, me zai gani? Ƙato zaune, lafiya lau, ya ƙi amsa sallama.

"Yaya, kai fa ɗan da ne."

Mai tebur ya ga inda ciniki ya karkata, ya buɗe wani ɗan akwati fari. Ciki wasu abubuwa biyu, ba su fi ƙwayar gyaɗa ba. "Alhaji, wannan na manya ne. Yana toshe duk wata hayaniya. Ko babbar motar kamyo ta wuce gabanka ba ka ji."

"Ka ji fa, Yaya!"

Na ce, "Ni na ji. Kai ne dai ba za ka ƙara ji ba."

Ya saya. Ko tayi bai yi da kyau ba, kada a ce Alhaji na ja-in-ja.

Bayan azahar ina tsallaken gudro, wato kwalta, wurin mai faci, ana gyara mini tayar moto, babur ɗina ke nan. Ƙanena na zaune kan benci a ƙofar butik, wato kantin abokinsa, inda aka ce tsohon ya same shi. Rana ta yi zafi, ya naɗa hirami a kai har kunnuwa, ya ba hanya rabin baya, yana kaɗa ƙafa.

Sai ga kabu-kabu ya sauke tsohon, da sandarsa. Ya tsaya ɗan nesa, kamar yadda suruki ke tsayawa, ya yi sallama. Ƙanena na gyaɗa kai. Ya sake, da ɗan ƙarfi. Ƙanena ya lumshe ido, har da ɗan murmushi. Ya yi ta uku.

Da wani ne, sai ya kira sunansa ko ya dafa kafaɗarsa, magana ta ƙare. Amma mijin 'yar fari ne. Tsohon nan tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ambatar sunansa ba, balle ya kai hannu jikinsa. Sallama ita kaɗai gare shi, kuma ba a wuce uku. Mai butik na ciki yana awon sukari. Ni na ƙwala kira, sai ga kamyon shanu ya shiga tsakaninmu. Kafin in tsallaka, tsohon ya koma bayan moton da ya kawo shi.

Na fizge hiramin. Ya ɗago kai yana washe baki. "Yaya, zo ka ji yadda kiɗan ke fita, tas!"

Washegari da sassafe muka tafi Dungu da goro, ni ne bakinsa. Muka tarar da tsohon gindin bishiya yana sa wa hauya ƙota. Ƙanena ya cire takalmin Abuja tun daga nesa, ya tsuguna, kai a ƙasa. Ban taɓa ganinsa ya yi kyau kamar ranar ba.

Na gaisa, na ba da haƙuri, na ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne. Ga abin da ke kunnensa." Na zuba masa su a tafi.

Ya jujjuya su da yatsa, ya daɗe. "Wannan ciwo ne ya same shi, likita ya ba shi?"

"A'a Baba, saye ya yi."

"Da kuɗinsa?"

"Da kuɗinsa."

"Ikon Allah. Mu tsufa ya toshe mana kyauta, muna ta neman magani." Ya miƙo mini su. "Na yafe, ba kome. Yaro ne. Sai dai jiya da na taso, na ce tun da na riga na biya moto, bari in biya ta Kance. Shi wancan tun ina bakin zaure ya jiyo sandata ya fito. Na ba shi gonar. Magana kuma in ta fita gaban mutane, ka sani."

Na sani. Muka sha ruwa, muka yi ban kwana. A hanya ƙanena ko Abuja bai ambata ba.

Daminar ta yi kyau, gero ya yi har ya fi mutum tsayi a gonar nan. Ƙanena ya nome ta kuwa, tun daga shuka har maimai, amma barema ya yi wa mutumin Kance, ana sallamarsa da la'asar tare da sauran 'yan ƙodago.