Na Bi Wanda Ya Toshe Ni Har Malanville

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da wani abokin aikina da ya biyo ni don kawai ya ga yadda za a kore ni.

Masu bibiyata sun san akwai manhajar da ke tuƙa kwamfuta wadda ba ta da mai ita: kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Mu 'yan sa-kai ne muke mayar da ita Hausa. Rigima ta tashi a zaurenmu na intanet da na ce mu bar ƙirƙirarriyar basira ta riƙa yi mana fassarar farko, mu kuma mu tace. Malam Isufu na Malanville, wanda ya girme mu duka kuma rabin aikin ke hannunsa, ya ce inji ba zai taɓa aikin da ya yi wa gumi ba. Muka yi ta musu har ya toshe ni ko'ina, ya ce zai ware da mutanensa. In ya ware, sabuwar fitowar manhajar ba Hausa a ciki. Abin ya ƙona mini rai, don shekaruna na zuba a aikin nan.

Daga Kamba muka gangara bakin kogi. Kwale-kwale mai inji ya tsallake da mu tare da babura biyu da wata akuya da ta fi abokina natsuwa. A ƙetare muka hau kabu-kabu, muka ratsa Garu, shinkafa kore shar dama da hagu, warin albasa kuwa har cikin riga. Wani jandarma ya buɗe jakata ya ga kwamfuta, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Na ce ta faɗa ce. Ya yi dariya ya sake mu.

Kasuwar Malanville ta cika maƙil. A rumfa ɗaya sai ka ji Dandanci da Zabarmanci da Faransanci, amma da an zo ciniki kowa ya koma Hausa. Muka ci soyayyen kifi da yaji, sannan na tambayi shagon Malam Isufu mai gyaran ordinatar, haka suke kiran kwamfuta. Aka ce ya tafi gida sallar azahar, wani mai babur ya kai mu.

Dabarata guda ce. A waya yana da maɓallin toshe ni, amma dattijo irinsa ba ya jin sallama a ƙofar gidansa ya yi shiru. Na tsaya na rangaɗa ta da ƙarfi.

"Wa'alaikumus salam. Wa na?"

"Wanda kunka toshe na, Malam."

Abokina har ya fara ja da baya. Sai ga Malam Isufu ya fito da tabarma a hammata, fuska a murtuke. Ya shimfiɗa, ya sa aka kawo ruwa da fura, ya tambayi hanya da mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya sauke haƙƙin baƙo tsaf, sannan ya ce, "To, ɗan nema, mi ya kawo ka?"

Muka dasa daga inda muka tsaya, har la'asar. Na nuna masa abin da injin ya fassara daidai, ya tono mini inda ya yi shirme da cikakken ƙarfin hali. Ban janye ba, shi ma haka. Amma mun tsaya a kan cewa duk layin da inji ya taɓa za a yi masa alama, kuma ba ya shiga sai mutum ya karanta ya ɗauki nauyinsa. Batun warewa ya mutu a kan tabarmar nan.

Abin da na koyo shi ne, mutumin da ka sha furarsa yana da wuyar zagi, ko da kana ganin bai da gaskiya.

Washegari muna isa Kamba wayata ta yi ƙara. Malam Isufu ne, saƙonsa na farko tun da ya toshe ni: "Kun isa lahiya? Har yanzu kai ad da kuskure." Na gyara zama a mota, na fara rubuta masa amsa.