Fatar Kujerun Motar Maigida

Har gobe ban manta da Lahadin da maigida ya yaye tamfol daga kan motar mahaifinsa ba. Lokacin ina direba na biyu a gidansa da ke Al Wakrah a ƙasar Larabawa, wato mai kai yara makaranta da zuwa cefane. Tsohuwar mota ce mai ƙofa biyu, an ce kaɗan aka ƙera irinta. Ya ce sayarwa zai yi, kuma tunda kullum waya na hannuna, in nemo shafin intanet da ya dace. In na yi abin kirki zai mai da ni ofis. Shekara shida ina mafarkin ofishin nan.

Bari in yi wa sababbin direbobi a cikinku bayani. Akwai shafin kowa da kowa, inda ake tallan firji da katifa. Akwai na dillalai masu cire kamasho. Akwai kuma na gwanjo, na masu tara tsofaffin motoci, inda sai ƙwararre ya duba hotuna da takardu kafin a karɓi mota. Ni gwani, na zaɓi na farko, wai ya fi jama'a.

Jama'a kuwa na samu. Wani ya ce mu yi musanya da akori-kura. Wani ya tambaya ko za ta iya jigilar fasinja zuwa filin jirgi. Sai na yanke hukunci cewa laifin motar ne, ta cika tsufa. Mahaifina dillalin mota ne a Kano, kuma na taso na ga ba a kai mota kasuwa sai an yi mata kwalliya. Da maigida ya yi tafiya, na kwance kujerun na kai wa mai ɗinki, ya cire tsohuwar fatar da ta tsattsage ya sa sabuwa ja wur, na mayar da su cikin motar. Na tsaya ina kallo ina yaba wa kaina.

Baba Issifu, shugaban garejinmu, mutumin Zangon Kumasi, ya dawo daga hutu ya leƙa ciki.

"Kano man, wa ya aike ka?"

Na ce gyara na yi, Baba.

"Khalas, shi ke nan, ka kashe mota. Masu saye tsufan suke saye."

Shi ya nuna mini shafin gwanjon. Muka tura hotuna, ƙwararren ya amsa da tambaya ɗaya tak: ina fatar asali? Da tsakar rana, cikin zafin da kuka sani, na koma wurin mai ɗinki na shiga kwandon shara har ƙugu, sanye da farar rigar aiki. Rabin fatar na samo, ragowar kuwa motar shara ta riga ni kwashewa.

Ranar Alhamis maigida ya dawo. Na faɗa masa gaskiya ina jiran ya ce in haɗa kayana. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ya shafa sabuwar fatar, ya shaƙi iska a hankali.

"Ƙamshin babana ya tafi," ya ce.

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

An karɓi motar a gwanjon, amma da rubutu a ƙasa cewa an taɓa cikinta, kuma hakan ya rage mata daraja. Mai sayen ya roƙi a haɗa masa da kwalin tsummokaran da na tono. Kujeruna jajaye ko tambayarsu bai yi ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zaɓi kasuwa ka san wanda zai saya da abin da yake nema, kuma kada ka gyara kayan da ba ka san me ya sa ake son su ba. Maigida bai kore ni ba, bai kuma sake ambaton ofis ba. Ni ma ban tuna masa ba. Yanzu haka ƙarfe ɗaya ta kusa, zan je ɗauko yara.