Zaren Juma'ar Kande

Shekara huɗu ke nan cif da muka rufe Yaya Habibu a nan Kuala Lumpur, nesa da kushewar iyayenmu. Karatun tarihi ya kawo shi, ya zauna tare da mu a unguwar Cheras, ya rasu bai gama littafin da yake rubutawa ba.

Labarin wata baiwa ne, Kande, da aka kama a ƙasar Katsina, Turawa suka haye teku da ita zuwa gonar rake. Tun da ya fara rubutun ya bar shan sukari. In mun je shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak sai ya ce a kawo masa shayi tsura. Nakan ce, "Yaya, rowa ce ko ciwo?" Ya ce, "Ke dai sha naki, Auta. Ni na san hannun da ya matse shi."

Ban taɓa buɗe akwatinsa ba sai bana, da korona ta kama ni aka killace ni a ɗakinsa. Masallatai a rufe, titi tsit, Talata da Juma'a duk kamarsu ɗaya. Hancina ya daina jin komai, ko turaren wuta. Amma da na buɗe takardun, wallahi ƙaurin ruwan rake da ya ƙone a tukunya ya cika ɗakin. Na tambayi maigidana ta bayan ƙofa ko an ɗora wani abu, ya ce murhu a kashe yake. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na ci gaba.

Kullum da asuba Kande takan ƙulla ƙulli ɗaya a zaren da ta zare daga zanenta, na bakwai ta yi shi babba, don kada Juma'a ta ɓace mata. A shafin ƙarshe mai gadin bayi ya ƙwace zaren ya jefa a wuta. Daga nan sai farar takarda. Shekara huɗu Kande na tsaye gaban wutar nan, ba ta san wace rana ce ba.

A ƙasan akwatin na tarar da zare na gaske, ƙulli a jere, na ƙarshe bai ɗauru ba. Ashe a gadon jinya shi ma lissafin yake yi.

Da zai ga yadda muka rikice don kullen 'yan watanni, ga abinci ga fanka, me zai ce? Ina jin murmushi kawai zai yi. Wanda bai sha ɗaci ba, ai bai san zaƙi ba.

'Yata Hanifa, haifaffiyar Cheras, wadda Hausarta ba ta nuna ba, takan zauna a bayan ƙofa ina karanta mata. Da na kai farar takardar ta ce, da salon maganar mutanen nan, "Mama, sai me ya faru, lah?"

Na dubi zaren. Na ce, "Sai ta zare wani. Ta ce yau Juma'a, Allah Ya san niyyarta."

Na ƙarasa ƙullin nasa. Tun ranar ƙaurin bai dawo ba.

Bai bar kammalallen littafi ba, bai bar ɗa ba. Amma yarinyar da aka haifa a Cheras tana ƙulla zare kowace asuba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya jiƙan duk Kanden da ba a rubuta sunanta ba.